Garka a tsakar gida: Abin da ke yi da abin da ba ya yi a Arlit, daga sanyi zuwa bazara

Da zarar watan Oktoba ya raba tsakiya, masu kwana a tsakar gida a Arlit da Akokan kan fara lalubar mayafi kafin kiran asalatu. Wannan ɗan sanyin asubar shi ne sanarwar da mai garka ke jira. Daga nan zuwa ƙarshen Fabrairu, wata huɗu da 'yan kwanaki, shi ne lokacin da tumatir da salati da albasa da karas ke yarda su zauna a wannan gari. Wanda ya yi jinkiri har sabuwar shekara ta kama bai zuba iri ba, to akasari ya yi wa bazara aiki.

Arlit gari ne da aka kafa a 1969 saboda yuraniyom, kimanin kilomita 240 a arewa da Agadez. Ruwan saman da ke sauka a shekara guda sau da yawa ba ya kai milimita 50, wato abin da hadari ɗaya mai ƙarfi kan zubar a Kano cikin dare guda. Kusan duk abin da ake sa wa a tukunya daga wani wuri yake zuwa: albasa da dankalin turawa da tafarnuwa daga garake na tsaunukan Ayar irin su Tabelot da Bagzan, lemu da rumman daga Timia, hatsi daga kudu ta hanyar Tawa wadda ta daɗe da lalacewa, taliya da mai da madara kuma daga Aljeriya ta Assamaka.

A zamanin da ake wa garin kirari da Faris ta biyu, albashi ne ke rufe wannan tazara. Yanzu lissafi ya sauya. Kamfanin Cominak, wanda ya fara haƙa a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris, 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, baya ga ɗaruruwan 'yan kwangila. Somaïr kuwa, wanda ke aiki tun 1971, ya shiga tsaka mai wuya bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, har gwamnati ta sanar da mayar da shi mallakin ƙasa a watan Yunin 2025. A gidan da kuɗin cefane ya ragu, fangali biyu na ganye a gefen katanga sun wuce abin sha'awa, sun zama wani ɓangare na abincin yara.

Sai dai shuka a Arlit tana da wata tambaya da mai lambu a Zariya ko Maraɗi ba ya fara yi wa kansa: wannan ƙasa da wannan ruwa, daga ina suka fito?

Ƙasa da mazubi kafin iri

A watan Disambar 2003 masu bincike na CRIIRAD, wata ƙungiyar awon tururin nukiliya mai zaman kanta da ke Faransa, sun je Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta biyo baya, ta fitar da rahotonta a 2010. Rahoton ya ce huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da aka ɗiba a yankin sun zarce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha a lokacin. Ya ce a wani wuri a titunan Akokan, inda aka yi cikon hanya da duwatsun da aka fitar daga mahaƙa, awon ya nuna tururin da ya ninka na al'ada har sau 500. An kuma samu gurɓatattun ƙarafa a kasuwa. Kamfanin Areva, wanda yanzu ake kira Orano, ya sha cewa yana bin ƙa'ida kuma yana auna ruwa da iska da ƙasa a kai a kai, daga baya kuma an yi aikin kwashe gurɓatattun duwatsu daga wasu tituna. A gefen Akokan har yanzu akwai tulin dusar ma'adini da Cominak ya bari, kusan tan miliyan 20, wanda aka tsara rufewa da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu.

Gardama kan girman haɗarin tana nan tsakanin kamfani da ƙungiyoyi. Mai garkar gida ba shi da na'urar awo, amma akwai abubuwa da ke hannunsa.

Na farko shi ne mazubi. Shekaru da yawa tsofaffin ganguna da bututai da ƙyallayen tace ma'adini sun riƙa fitowa daga kamfani suna shiga gari, ana yin kwanon rufi da tukwane da shimfiɗa da su. Rabin ganga abin sha'awa ne ga mai son dasa tumatir, amma idan ba a san asalinta ba, barin ta ya fi. Ido ba ya gane gurɓataccen ƙarfe, wanki da omo kuma ba ya ba da tabbas. Jarkar man girki mai lita 25 da aka yanke, tsohon bokitin roba, buhun shinkafa, ko fasasshen tulu, duk sun wadatar, kuma an san abin da suka taɓa ɗauka.

Na biyu ƙasar kanta. A gidan da aka taɓa yin cikon tsakar gida da burji ko tsakuwar da ba a san inda aka kwaso ta ba, kada a haƙa fangali kai tsaye. A ɗaga shi sama: a jera bulo biyu ko uku, a shimfiɗa leda mai kauri da aka huhhuda a ƙasa, a cika da ƙasar da aka kawo. Yashin ƙorama daga wajen gari, nesa da mahaƙai da tulin dusa, kashi biyu, da ruɓaɓɓen takin awaki ko na raƙuma kashi ɗaya. Salati da na'a-na'a zurfin santimita 20 ya ishe su. Tumatir da tattasai da kuɓewa suna son 35 zuwa 40.

Takin dole ya ruɓa. Ɗanyen kashin awaki a zafin Arlit ƙona saiwa yake yi, ga gishirin fitsari. A tara shi a rami a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu, bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu zai yi baƙi, warin ya tafi. Wanda ke son dasawa a Nuwamba, tun Satumba ya kamata ya binne takinsa. Wanda bai yi ba, ya nemi tsohon taki a garken da ya daɗe.

Na uku ƙura. A yanayi irin wannan, abin da iska ta ɗora wa ganye yakan zama babban kaso na dattin da ke shiga baki. Ganye masu lanƙwasa kamar salati sun fi riƙe ta, masu saiwa kamar karas kuma suna fitowa da ƙasa a jikinsu. 'Ya'yan itace irin tumatir da kuɓewa da kankana su ne suka fi ƙarancin ɗaukar abin da ke cikin ƙasa. Don haka a gidan da ake da shakku, a fi ba masu 'ya'ya ƙarfi, ganye kuma a sa shi a mazubi, a kare shi da zana ko tsohon gidan sauro, a wanke shi ganye-ganye cikin ruwa biyu ko uku, karas a kankare bayansa. Wanki yana cire ƙura, ba ya cire abin da tsiro ya sha ta saiwa. Haka ma tafasa ruwa: yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yuraniyom ƙarfe ne, wuta ba ta korar sa. Shi ya sa ruwan ban garka ya kamata ya zama wanda gidan ya amince ya sha, ba na wata tsohuwar rijiya da aka daina amfani da ita ba tare da an san dalili ba.

Lissafin jarka

Ruwan da Arlit ke sha tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da Sahara ke da danshi, kuma ɗan ruwan saman yanzu ba ya mayar da abin da aka ɗiba. Rahoton Greenpeace ya ce mahaƙan biyu sun yi amfani da lita biliyan 270 cikin shekara 40. A gefen garuruwan akwai garake da suka daɗe suna dogaro da ragowar ruwan da ke fitowa daga unguwannin ma'aikata, shi ya sa rufe Cominak ya taɓa manoman Akokan kamar yadda ya taɓa masu shiga rami. A unguwanni irin su Bukoki, waɗanda sunansu ma daga bukkokin farko na 'yan ci-rani ya samo asali, ruwa abu ne da ake ɗauka a jarka a kuma ƙirga.

Lissafin mai sauƙi ne. A tsakiyar sanyi, murabba'in mita ɗaya na fangali yana shan kimanin lita 5 zuwa 6 a rana. A watan Mayu yakan kai lita 10 ko ya wuce. Kenan jarka ɗaya mai lita 25 tana riƙe murabba'in mita huɗu a Disamba, amma da ƙyar ta riƙe biyu da rabi a bazara. Kuskuren da sababbin masu garka suka fi yi shi ne su share fili gwargwadon girman tsakar gida, alhali gwargwadon jarkar da za su iya samu kullum ya kamata su share. Fangali biyu da ke ƙoshi sun fi shida da ke kwana da ƙishi amfani nesa ba kusa ba.

Akwai dabarun rage sha. Tulun ƙasa marar fenti da aka binne har wuya a tsakiyar fangali, aka cika aka rufe bakinsa, yana tsattsafo ruwa a hankali zuwa saiwar tsire-tsire huɗu ko biyar da ke kewaye da shi, rana ba ta samun rabonta. Gorar roba da aka huda murfinta da allura aka kifa kusa da gindin tumatir ita ma tana yi, ko da yake yashi kan toshe ta. Rufe fuskar ƙasa da busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi ko yagaggen kwali yana hana ta bushewa kafin azahar. Ban ruwa kuma da sassafe ko bayan la'asar.

Ruwan alwala da na wanke shinkafa da na ɗauraye kayan miya bai kamata ya tafi kwata ba. Bokiti ɗaya a wurin alwala yana tara abin mamaki a gida mai mutum goma. Ruwan wanki mai omo da jabel kuwa a nisanta shi da ganye. Idan dole ne, a ba bishiya babba irin dogon yaro.

Sai gishiri. Inda ruwa ke ƙafewa da sauri ba tare da ruwan sama ya wanke ƙasa ba, fari-fari kan fito a fuskar fangali kamar kanwa, bakin ganye ya fara ƙonewa. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau da yawa shi ke jawo haka. Maganin shi ne sau ɗaya a mako biyu a shayar da fangalin sosai har ruwa ya fita ta ƙasa. Mazubin da ba a huda gindinsa ba, gishiri zai kashe abin da ke ciki ko da wane irin taki aka sa.

Watannin sanyi

Farkon Oktoba rana na nan da zafinta, don haka renon iri a inuwa ake fara shi, a kwano ko rabin jarka, a rufe da jiƙaƙƙen buhu har ya tsiro.

Tumatir ne sarkin garkar gida, kuma shi ya fi hukunta mai jinkiri. Idan aka zuba iri a tsakiyar Oktoba, bayan kwana 25 zuwa 30 a dasa da yamma, a bar tazarar rabin mita, za a fara tsinka daga ƙarshen Janairu har cikin Maris. Dalilin gaggawar yana cikin furen: idan zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma ya daina sanyi, furen tumatir zubewa yake yi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Wanda ya zuba iri a Janairu zai samu tsiro kore shar a Afrilu, mai ganye kamar daji, ba ɗa ko ɗaya. A ɗaya ɓangaren, dararen Disamba da Janairu da sanyi ke saukowa kusa da digiri 10 suna rage masa sauri. Wannan ba ciwo ba ne, kada a ƙara taki, a jira. Ƙanana masu tsayi irin Roma sun fi manya masu faɗi jure iska da jinkirin ban ruwa, sun kuma fi daɗin shanyawa.

Salati yana da nasa halin. Irinsa ba ya tsirowa idan ƙasa ta yi zafi kusan digiri 30, shi ya sa masu zubawa a Satumba kan zargi mai sayar da iri alhali laifin rana ne. A jira ƙarshen Oktoba, a zuba da yamma, a dasa bayan mako uku, a fara ci bayan kwana 30 zuwa 40. Kuma kada a zuba fakiti guda rana ɗaya. Ɗan tsunkule duk mako biyu ya fi, don kada gida ya cika da salati a mako guda sannan ya rasa. Da Maris ta shigo zai yi tsiri ya fitar da fure, ganyen ya yi ɗaci.

Albasa tana son haƙuri. Irin Galmi, wanda ya yi suna daga Tawa har Abijan, shi ne aka fi sani. Ana renonsa kusan kwana 45 har ya kai kaurin fensir, a dasa da tazarar santimita 10 zuwa 15, a jira wata uku da rabi zuwa huɗu. Idan wuyan ya fara kwanciya a daina ban ruwa. Gaskiyar magana, ga mai murabba'in mita huɗu, noman ƙwallon albasa ba riba ba ne, domin lokacin da tasa za ta nuna shi ne lokacin da ta fi araha a kasuwa. Abin da ya fi shi ne lawashi: a dasa ƙananan albasar da suka tsiro a kicin, a riƙa yankar ganyen. Haka dankalin turawa da kabeji, cin fili da ruwansu ya fi abin da suke bayarwa a tsakar gida. A bar wa mutanen Bagzan da Tabelot, su da ke da rijiyoyi a bakin ƙorama da sanyin tsauni.

Karas ba a dasa shi, a inda zai zauna ake zuba shi. Yakan yi kwana 10 ko fiye bai fito ba, kuma idan fuskar ƙasa ta bushe sau ɗaya a wannan tsakanin, shi kenan. A rufe da buhu, a riƙa jiƙa buhun. Ɗanyen taki na sa shi ya rabu ƙafa biyu ko uku.

Na'a-na'a kuwa, a garin da ba a raba mutane da butar shayi, ita ce ta fi saurin biyan mai ita. Reshe ɗaya daga ɗaurin da aka saya a kasuwa, a sa a ruwa ya yi saiwa, a dasa a bokiti ita kaɗai, don idan aka haɗa ta da wasu sai ta cinye wurin.

Babban abokin gabar wannan lokaci iska ce. Hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas da yashi mai yanka ƙananan tsiro kamar reza. Fangali ya zauna a inda katanga ta tare wannan ɓangaren amma rana na samun sa aƙalla awa biyar ko shida. Inda ba katanga, zana ko tabarma ta fi kwano, domin tana rage ƙarfin iska ba tare da ta sa ta yi juyi ta faɗo a bayanta ba. Akuyar maƙwabta kuma, kowa ya san abin da take iya yi wa aikin wata biyu kafin a idar da sallar la'asar.

Ƙwari ba su da yawa kamar a kudu, amma waɗanda ke nan ba su da wasa. Darɓa na taruwa a bayan ganye. Ɗan ƙaramin jan gizo-gizo, wanda ke son zafi da ƙura, yakan mayar da ganyen tumatir da yalo ruwan toka daga Fabrairu. Wanke bayan ganye da ruwa sau biyu a mako yana rage shi. Sai tsutsar da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatir ɗin arewacin Najeriya kaca-kaca a 2016, kuma tana Nijar. Tana shiga tsakiyar ganye ta bar farin zane. Da an gani a tsinke ganyen a ƙona. Ruwan 'ya'yan dogon yaro na taimakawa: rabin kilo na dakakkun 'ya'ya a lita 10, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan farin sabulu, a fesa da yamma duk mako. Piya-piya da sauran magungunan kwalba marasa takarda da ake sayarwa a bakin kasuwa ba su da wuri a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Mai neman ƙarin bayani, ƙungiyar RECA da majalisar manoma ta jihar Agadez suna yaɗa shawarwari da Hausa, har da saƙon murya ta WhatsApp.

Idan bazara ta kama

Daga Maris aikin ya koma kwashewa. Tumatir da ya yi yawa a yanka biyu a shanya a yi kauɗa, kamar yadda ake yi a Ayar tun da daɗewa, amma a kan gado ko tebur, a rufe da gidan sauro, ba a ƙasa ko kan rufi inda ƙura ke sauka ba.

Afrilu zuwa Yuni zafin rana na wuce digiri 40 kusan kullum. Mai hankali yakan rage garkarsa zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ya yi wa sauran rumfar da ke tare ranar tsakiya zuwa la'asar. Mazuban roba a ɗauke su daga kan siminti, a naɗe su da buhu, don baƙar roba a rana dafa saiwa take yi. Abin da ke tsayawa a wannan lokaci shi ne kayan miyar gargajiya: alayyafo, wanda ake yanka bayan mako uku zuwa huɗu ya sake tohowa, da yakuwa, da lalo, da kuɓewa, ko da yake ita ma takan rage haihuwa a tsananin Mayu ta dawo daga baya.

Zogale shi ne ya cancanci wuri mafi kyau a gidan. Ana shuka ƙwayarsa kai tsaye idan sanyi ya wuce, ko a farkon damina. Idan ya kai ƙugun mutum a yanke kansa don ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe kamar sanda ganyen ya fi ƙarfin hannu. Bishiya uku ko huɗu a inda ruwan alwala ke gangarawa suna ba gida kwaɗo da miya mafi yawan shekara. A sanyi yakan zubar da ganye ya tsaya cik. Bai mutu ba.

Damina a Arlit suna ce kawai a wasu shekarun. Tsakanin Yuli da farkon Satumba hadari kan taso da jan ƙura, wani lokaci ya zubar, wani lokaci ya wuce. Amma iska na ɗan yin danshi, kuma shi ne lokacin dasa itace: lalle a matsayin shinge, magarya, lemun tsami ga mai ruwa. Kankana da kabewa da gurji ma yanzu ne, idan akwai filin da za su yaɗu. Ruwan farko da ya zubo daga indararo wankin rufi ne, ƙurar wata goma ce a ciki, a bar shi ya tafi kafin a tara na baya.

Furanni

Wasu na ganin fure a garin da ake sayen ruwa almubazzaranci ne. Duk wanda ya taɓa shiga tsofaffin unguwannin ma'aikata ya ga buganbiliya ta haye katanga ja wur a tsakiyar wannan ƙasa mai launin toka, ya san abin da take yi wa zuciya. Kuma ita ce mafi arahar sha: da ta kama ƙasa, yawan ruwa ma hana ta fure yake yi, ganye kawai za ta yi. Ana samun ta daga reshe, a dasa a damina ko farkon kaka.

Kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, 'yar Sahel ce ta asali, ruwa sau ɗaya a mako ya ishe ta, a sanyi ma ƙasa da haka. Sai dai ruwan jikinta guba ne, da shi mafarauta ke shafa kibiya a da. Haka wata doguwar shuka mai siririn ganye da furanni ja ko fari da Faransawa ke kira loriye-roz, wadda aka cika dasawa a bakin ofisoshi: ganye da reshe da hayaƙinta duk guba ne ga mutum da dabba. A gidan da ke da yara ƙanana ko awaki, waɗannan biyun a ɗaga su inda hannu da baki ba sa kaiwa, ko a haƙura. Alobera da furen fotulaka, mai buɗewa da hantsi ya rufe da yamma, suna rayuwa a gwangwani da ragowar ruwan kofi. Masu son launi na ɗan lokaci kuma, ziniya da marigol ana zuba su tare da tumatir a Oktoba. Marigol ɗin ma na rage tsutsar saiwa idan aka cika fangali da shi kafin a sake dasa tumatir a wurin.

Saƙo daga waje

'Yan Arlit da ke Yamai da Tamanrasset da Sabha da biranen Faransa sukan so su taimaka, kuma fakitin iri abu ne mai sauƙin sa wa a jaka. Nan ma akwai tarko. Albasa tana ƙulla ƙwallo ne gwargwadon tsawon yini. Irin Turai yana jiran yini mai awa 14 zuwa 16, Arlit kuwa ko a watan Yuni yininta bai wuce awa 13 da 'yan mintoci ba, a sanyi kuma wajen 11. Irin da aka sayo a Liyon ko Marsai zai yi ganye har ya gaji ba tare da ya ƙulla komai ba. Salatin Turai ma da yawa yana yin tsiri tun bai kai ci ba. Irin da aka saba da shi a Ayar, ko wanda cibiyoyi irin su INRAN da ICRISAT ta Sadore suka gwada a zafin Nijar, shi ya fi dacewa, kuma ana samun sa a Agadez.

Akwai kuma alamar F1 a jikin fakiti. Irin aure ne, yana haihuwa sosai a shekarar farko, amma idan aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Gidan da ke son ya riƙa ajiye irinsa ya nemi wanda ba shi da wannan alama. Kuɓewa da yakuwa da alayyafo da salati duk ana barin gindi ɗaya ko biyu mafi kyau su bushe a tsaye, a sussuke, a zuba a kwalba da ɗan toka, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi.

Mai tura kuɗi ta Nita ko Amana da ke tambayar me zai saya wa tsohuwa ko ƙanne, abin da ya fi fakitin iri amfani shi ne sabuwar gangar roba mai murfi ta ajiyar ruwa, da 'yan mitoci na ragar inuwa, da kuɗin amalanke ɗaya ko biyu na yashin ƙorama da taki. Kuma kuɗin ya isa gida a Satumba, lokacin da ake binne takin.